GARIN DA YA CINYE UWAR KUƊINSA

 Yau zancen katako zan kawo muku, amma mai sayar da gero ma ya kasa kunne.

A ƙasar Amurka, cikin jihar Mishigan, an yi wani gari wai shi Singafo. Ba wancan na ƙasashen Asiya ba. Wani mai cinikin filaye, Oshea Wilder, shi ya kafa shi a 1836, daidai inda kogin Kalamazu ke zuba cikin tafkin Mishigan. Burinsa garin ya yi gogayya da Shikago. Daji ne ya kewaye wurin, sai aka girka injunan tsaga katako, jiragen ruwa suna zuwa suna lodi. Har banki suka buɗe mai buga takardun kuɗinsa, bai daɗe ba ya karye.

Cikin Oktoba 1871 gobara ta tashi a Shikago, ta ci gine-gine fiye da 17,000, mutane wajen 100,000 suka rasa matsuguni. Kowa na neman katakon gini. To, kasuwa ta buɗe wa mutanen Singafo, suka faɗa wa daji da sara ba ƙaƙƙautawa, suna ganin kakarsu ce ta yanke saƙa. Ashe itatuwan nan su ke riƙe da tuddan rairayin bakin tafki, su ke tare iska. Da aka ƙare su, inji ya rasa abin tsagawa, aka kwance shi aka kai wani gari can arewa. Ya zuwa 1875 mutane sun watse. Waɗansu gidaje aka ja su zuwa Sogatak da ke kusa, sauran kuwa rairayi ya binne su. Har yau garin yana ƙarƙashin ƙasa.

Ni a ganina ba iska ce ta kashe garin nan ba, lissafi ne ya ɓaci. Dajin shi ne uwar kuɗi, su kuwa suka ɗauke shi riba. Wani zai ce, ai mai hankali ba ya ƙin ciniki ran da farashi ya hau. Gaskiya ne, sayar. Amma manomin da ya ga gero ya yi tsada ya auna har da irin shuka ya kai kasuwa, me zai zuba a rami in damina ta faɗi? Kuɗin katako na shekara huɗu, ai bai sayi garin da aka yi kusan shekara arba'in ana ginawa ba.

Masu lodin itace da gawayi, ku dubi yadda rairayi ke cin gonaki da dausayi a ƙasar Yusufari ta jihar Yobe. In gonar ta tafi, buhun da muke aunawa daga ina zai fito? Wanda ya sare ya dasa, dillali kuma ya riƙa tambayar inda kaya suka fito. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.