Rancen karatu: wa zai tsaya wa ɗan manomi?

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, gidaje da dama a gundumomin Tasawa da Mayahi sukan yi murnar kwana biyu, rana ta uku kuma lissafi ya kankama: kuɗin mota zuwa Maraɗi ko Yamai, kuɗin rajista, hayar ɗaki, abin sawa a baki. Ɗalibin da ya dace da tallafin gwamnati ya san jiransa sai mai haƙuri. Wanda bai dace ba, sai a ce masa ya nemi rance.

To, a wurin wa? Banki yana tambayar abu uku: albashin da ke shiga asusu duk wata, takardar mallakar gida ko fili, ko kuwa wani mai albashi da zai sa hannu ya tsaya masa. Ɗan manomin Kananbakashe ko Urafan ba shi da ko ɗaya. Gonar ubansa gado ce, shaidarta mai gari da maƙwabta. Sai nauyin ya faɗo kan ma'aikacin gwamnati guda da dangi ke da shi, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, wanda sau da yawa an riga an yanke albashinsa saboda bashin baya. Idan ya ƙi, a ce ya watsar da zumunci. Idan ya yarda, ya ɗaure kansa shekaru a kan aikin da ba a san ranar da yaron zai samu ba.

Ba a banza bankuna ke ɗari-ɗari ba. Bashin da manyan mutane suka ci suka ƙi biya na cikin abin da ya durƙusar da bankin raya ƙasa, BDRN, a 1990. Abin takaici, talakan da bai ci ko dala ba shi ne ya gaji rashin yardar. Ƙananan asusun bada rance kuwa don kasuwanci aka gina su: a karɓa, a juya, a mayar cikin watanni. A 2014 an ƙayyade musu ruwan da bai wuce kashi 24 cikin ɗari a shekara ba, bankuna kashi 15. Ɗan kasuwa na iya ɗaukar wannan. Karatun digiri na shekara 3 ba ya haifar da riba a wata na shida.

Saboda haka rancen da babu mai tsayawa, a ƙauye, sunansa jinginar gona. Uba ya miƙa gonarsa ga mai kuɗi, mai kuɗi ya noma ta har ranar da aka fanshe, ranar da sau tari ba ta zuwa. Uwa kuma ta kai jar akuyarta kasuwa. A yankin da gonaki suka riga suka yi wa jama'a kaɗan, wannan sayar da abincin gobe ne.

Maƙwabciya Najeriya ta gwada wata hanya. Dokar rancen ɗalibai ta 2023 ta buƙaci masu tsayawa biyu. Da aka ga sharaɗin ya rufe wa talaka ƙofa, dokar 2024 ta soke shi. Amma wancan kuɗin gwamnati ne, ba na ɗan kasuwa ba, kuma babu ruwa a kansa.

Misalin da ya fi kusa yana nan cikin jahar Maraɗi. A 1991 ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suka fara, bisa tsarin adashe: mata su tara, su ranta wa juna, ba takarda, ba mai albashi, sanin juna ne jingina. Tsarin ya bazu har ƙasashe da dama. Me zai hana ƴan kasuwar Tasawa da Mayahi, da ma'aikata ƴan asalin garuruwan, su kafa irin wannan asusu don ɗalibai? Za a ce wasu za su ci su gudu. Za a samu. Sai dai wanda zai iya ɓace wa banki a Yamai da wuya ya ɓace wa kasuwar garinsu, inda uwarsa ke zuwa duk mako. Abin da asusun ke buƙata shi ne littafin lissafi da ake karantawa a bainar jama'a, biya bayan an gama karatu, da kuma nisanta shi da ofishin kowace jam'iyya.