Uwargida, da me aka liƙe tukunyarki?

Kifa tukunyar silbarki mai kaurin gindi ki duba. Faifan nan na ƙasa ba ƙarfe ɗaya ba ne. Silba ba ta tsatsa, amma ba ta yaɗa zafi sosai. Alminiyum ya ninka ta fiye da sau 10 a wannan aikin, shi ya sa ake manna mata shi don kada abinci ya kama ta gefe guda.

Haɗa ƙarfe biyu mabambanta sai da dabara. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, silba kuwa sai wajen 1,400. In aka gasa su tare kai tsaye, mahaɗar takan yi gautsi ta tsage. Don haka a wasu manyan masana'antu akan sa ƙarfe na uku siriri a tsakani, kamar azurfa, a matse su da zafin da bai kai na narkewa ba, har ƙwayoyin kowanne su ratsa na kusa da shi.

Mai liƙi a kasuwar Boɗinga ko Shagari ma ƙarfe na uku yake sawa in butarki ta ɓule. Sai dai nasa narka shi ake yi, kuma sau da yawa haɗin kuza ne da dalma. Ba tukunyar da muke kira ta dalma nake nufi ba, waccan alminiyum ce. Ina nufin dalma mai guba, wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Ta liƙi ba ta kai waccan yawa ba, amma tana taruwa a jiki a hankali, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce komai ƙanƙantarta tana da illa.

Saboda haka ki tambayi mai gyara, cikin mutunci, da me zai liƙe. In da dalma ne, ki roƙi ya toshe da ƙusar alminiyum. Wadda aka riga aka liƙe kuma, kada ki dafa zoɓo, kunun tsamiya ko miyar tumatir a ciki, domin tsami yana jawo dalma cikin abinci. Ki mayar da ita ta wanki.

Allah ya raya mana zuri'a.