A sa wa jirgi lamba, amma a rufa wa mai shi asiri

Cikin watan Disamba na 2018, rahoton ganin ƙananan jirage marasa matuƙi ya tsayar da filin jirgin sama na Gatwick, a Ingila, fiye da yini guda. Tashi da sauka kusan 1,000 suka rushe, matafiya wajen 140,000 suka sha wahala, kuma ba a gurfanar da kowa gaban shari'a ba. Dalili? Jirgin da ba ya da lamba, mai shi ba ya da suna.

Wannan giɓin ne hukumomi suka tashi toshewa. A Amurka, tun 2015 duk jirgin da nauyinsa ya wuce giram 250 sai an yi masa rajista wurin hukumar FAA, ko da na wasa ne. Ana biyan dalar Amurka 5 don shekara 3. Mai tuƙin nishaɗi ba zai wuce mita 120 a sama ba, ba zai bari jirgin ya ɓace wa idonsa ba, kusa da manyan filayen jirgi kuwa sai da izini. A 2021 aka kafa dokar shaida daga nesa, wadda aka soma tilastawa sosai cikin Maris na 2024: jirgi yana cikin tafiya yana watsa lambarsa, da wurin da yake, da tsawon da ya hau, da saurinsa, ta Wi-Fi ko Bluetooth. Tarayyar Turai ta bi sahu tun Janairu na 2024.

Mun yarda da tushen wannan doka. Wanda ya amince a liƙa wa motarsa lamba ba ya da hujjar hana wa abin da ke shawagi bisa gidajen mutane tasa.

Amma ga inda gizo ke saƙa: saƙon yana bayyana har wurin da matuƙin yake tsaye, ko inda jirgin ya tashi, kuma kowa mai salula da ke kusa yana iya kama shi. Lambar mota ba ta nuna wa ɓarawo inda mai ita ya fake. Ɗan jarida mai ɗaukar hoton zanga-zanga fa? A ganinmu lambar ta kowa ce, wurin matuƙi kuwa na jami'an tsaro ne kaɗai, bisa ƙa'idar da alƙali zai iya bincikawa.

Abin koyi shi ne yadda aka yi dokar. Daftarin farko ya nemi kowane jirgi ya riƙa aika bayani ta intanet. Jama'a suka aika ra'ayoyi fiye da 50,000, hukuma ta janye sharaɗin, ta kuma amince da filayen da ƙungiyoyin masu sha'awa ke tashi ba tare da shaidar ba. Tarayyar Najeriya ta ɗauki wata hanya a 2016: sai da izinin hukumar jiragen sama da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa.

Mu da ƴan bindiga suka soma amfani da irin waɗannan jirage a yankinmu na Sahel, ba mu raina maganar tsaro. Sai dai ɗan ta'adda ba ya zuwa rajista. Mai hoton biki da ɗan kasuwar da ya shigo da kayan su ne doka za ta kama. Ma'aikatan da ke rubuta ƙa'ida su kira su, su saurare su, su buga ta a fili da farashin da talaka zai iya biya. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.