Ɗalibin aikin likita: haƙuri kaɗai ba ya isa

A duk farkon shekarar karatu, ɗaruruwan samari da ƴan mata ne ke shiga makarantun koyon aikin lafiya na ƙasar nan, waɗansu a makarantun gwamnati na ENSP da ke Yamai da Damagaram, waɗansu kuma a makarantu masu zaman kansu da suka yawaita a manyan garuruwa. Suna shiga da sabuwar farar riga da babban buri. Amma duk wanda ke da ɗa ko ƙane a cikinsu ya san abin da kan faru kafin shekara ta biyu ta ƙare: karatu ya yi nauyi, kwanan asibiti ya yi yawa, an ga mutuwa ido da ido, sai gwiwa ta fara sanyi. Daga nan nasiha ta riƙa zuwa ta ko'ina, daga iyaye da malamai da manyan ma'aikata, kuma bakinsu ɗaya: a yi haƙuri, a dage. Nasihar gaskiya ce, sai dai ita ce mafi arha, domin tana ɗora wa ɗalibi kayan duka, ta sauke wa hukuma nata.

Ya kamata a tuna ko su wane ne waɗannan ɗalibai. A takarda ba likitoci za su zama ba, amma da yawansu aikin likita za su yi. Nijar ba ta kai likita ɗaya ga mutum dubu 10 ba, kuma ƴan kaɗan ɗin da ke akwai sun fi taruwa a Yamai da manyan biranen jihohi. A gidan likita na karkara, wanda ake kira CSI, majo ne ke duba mara lafiya, shi ke gane ciwo, shi ke rubuta magani, shi ne kuma zai yanke cikin tsakar dare ko a riƙe mace mai naƙuda ko a nemi mota zuwa asibitin gunduma. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa a kan yara, layin uwaye na kaiwa bakin ƙofa tun da asuba, kuma ya ƙara tsawo tun da aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a 2006. Manomin Dakwaro ko makiyayin Tanut ba ruwansa da bambancin takardu. Duk mai farar riga likita ne a wurinsa, kuma ransa yake miƙa masa.

Wannan matsayi na tsaka-tsaki ba sabo ba ne a wannan yanki. Tun 1918 Faransa ta buɗe makaranta a Dakar domin horar da ƴan Afirka su zama mataimakan likitocin Turawa. Su aka riƙa turawa daji, su suka yi lamba, su suka fuskanci annoba, amma komai ƙwarewar mutum akwai rufin da kansa ba zai wuce ba. Félix Houphouët-Boigny ya fito daga wannan makaranta a 1925, ya yi shekaru yana wannan aiki a ƙasarsu kafin siyasa ta ɗauke shi. Rufin wancan zamani na launin fata ne, kuma ya tafi da masu shi. Abin tambaya shi ne ko ba a maye gurbinsa da rufin takarda ba.

Ƙasashen da suka ba wannan aiki suna na kansa sun bar darasi iri biyu. A Amurka, a 1965 ne wani likita mai suna Eugene Stead ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan jinya huɗu na sojan ruwa a jami'ar Duke, ya shiga horar da su a matsayin mataimakan likita, uku suka kammala a 1967. Yau masu wannan sana'a a can sun haura dubu 150. Karatun ya ɗan wuce shekara biyu: shekara guda ta aji mai tsanani, sannan awa kamar 2,000 ana zagaya sassan asibiti a ƙarƙashin ido na ƙwararre. Ɗalibansu ma suna kuka da gajiya da bashi da shakkar kai, don wannan ciwo ba ya tambayar ƙasa. Amma mai karatu a can ya san jarrabawar da ke jiransa, ya san dokar da ta zana masa iyakar aikinsa, ya kuma san akwai aikin. Wahalar da aka san ƙarshenta tana da sauƙin ɗauka.

A Ingila akasin haka ya faru. An buɗe kwasa-kwasai, an kira matasa da yawa, an tura su asibitoci tun ba a zana musu iyaka ba, aka kuma ba su sunan da ke sa mara lafiya ya ɗauka likita ne ke gabansa. Da kurakurai suka jawo asarar rayuka, sai ƙungiyoyin likitoci suka tashi, jaridu suka ɗauka. Sai a Disamba 2024 ne hukumar da ke kula da likitoci ta fara yi musu rajista, sannan a Yuli 2025 rahoton Farfesa Gillian Leng ya ba da shawarar a mai da sunansu mataimakan likita a fili, a kuma taƙaita irin marasa lafiyar da za su fara gani. Cikin wannan rikici, da yawa daga waɗanda suka kammala sun rasa wurin aiki. Waɗannan matasa ba raggaye ba ne, kuma ba nasiha suka rasa ba. Gina aka fara yi daga sama, ya rushe a kansu.

Misalin da ya fi kusa da halin Nijar shi ne na Mozambik. Bayan samun ƴanci a 1975 likitocin Fotugal suka watse, yaƙi ya biyo baya. A 1984 ƙasar ta fara zaɓen gogaggun ma'aikatan lafiya tana koya musu tiyata, hannu da hannu, shekara uku. Binciken da aka buga a 2007 ya nuna su ke yin fiye da tara cikin goma na manyan ayyukan fiɗar haihuwa a asibitocin gunduma, kuma bayan shekara bakwai kusan tara cikin goma suna nan a karkara, alhali likitocin da aka tura tare da su kusan duk sun koma birni. Su ma sun sha kukan ƙarancin albashi da rashin girmamawa, kada a ɗauka aljanna ce. Amma mutumin da ya yi aiki sau da yawa malaminsa na tsaye a kansa, hannunsa ba ya rawa ranar da ya rage shi kaɗai.

To, a nan ne matsalar ƙasar nan take. Ƙarfin zuciyar ɗalibi a wurin sitaj ake gina shi, wato lokacin koyon aiki a asibiti, kuma a wurin ne ake karya shi. Makarantu sun yawaita, gadajen koyo ba su ƙaru daidai da su ba. Sai a ga ɗalibai sun yi cincirindo a kan mara lafiya guda, mai kula da su ɗaya ne, shi ma aikinsa ya sha masa kai, ba a kuma biyansa ko dala a kan koyarwar. Wanda ya yi tambaya a yi masa tsawa gaban majinyata, wanda ya yi shiru a mai da shi ɗan aike. Ɗaliba za ta iya gama shekarunta da maki mai kyau ba ta taɓa samun jijiyar jariri da kanta ba sai sau ƙalilan, sannan a ba ta takarda a ce ta tafi ta riƙe gari. Idan zuciyarta ta yi rawa, ba rauni ba ne. Hankalinta ne ke gaya mata gaskiya.

Bayan wannan ga jira. Ɗan shekara ta biyu yana kallon yayansa da ya kammala tuntuni, yana aikin sa kai a wani asibiti, ko yana kwantaragi, yana sauraron ranar da za a buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Babu wa'azin da zai fi wannan gani ƙarfi. Tsofaffin ma'aikata kan ce su ma sun sha, kuma ba ƙarya suke yi ba: sun ga farar shekara, sun ga albashi na yin watanni bai zo ba, sun ga an karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, suka kuma tsaya a kan ƙafafunsu lokacin sanƙarau na 1995 da ya ɗebi dubban rayuka. Girmamawa ta wajaba gare su. Amma shan wahalar jiya ba hujja ce ta gadar da ita ga na baya ba, kuma ba a lissafa waɗanda suka ajiye farar riga a waɗannan shekaru suka kama kasuwa ko suka tsallaka iyaka.

Ba a ce ɗalibi ba shi da nasa kaso ba. Akwai ƙarfin zuciya na gaske, akwai kuma na bogi, kuma na bogin ya fi tsoro kisa. Majon da ke jin kunyar cewa ciwo ya fi ƙarfinsa zai riƙe mace mai zubar jini har lokacin tafiya ya wuce. Na gasken daga ƙananan abubuwa yake taruwa, waɗanda aka maimaita har suka zauna: ƙirga numfashin yaro minti guda cur, da sanin cewa 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta ciwon huhu; auna damtse da sanin cewa ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani; cike takardar bin naƙuda a kan lokaci, ba bayan an haihu ba. Ɗalibin da ke rubuta abin da ya gani kullum a ɗan littafinsa, ya koma ya duba da dare, ya tambayi tsohuwar ungozoma ba tare da girman kai ba, ya kuma sami abokan karatu da zai faɗa wa abin da ke cin ransa ranar da yaro ya mutu a hannunsa, wannan ya yi abin da ke wuyansa. Sanin inda ikon mutum ya tsaya rabin sana'ar ne.

Sauran yana wuyan Ma'aikatar Lafiya, kuma yawancinsa ba ya buƙatar taimakon waje. A ƙayyade yawan ɗaliban da kowane sashen asibiti zai karɓa, kada a bar makaranta ta ɗebi abin da ba ta da wurin koyar da shi don kawai kuɗin rajista. Kowane ɗalibi a ba shi mai kula da shi da suna, a biya wannan mutum, a kuma tambaye shi. A wajabta littafin aiki mai sa hannu, inda aka rubuta haihuwa nawa ɗalibi ya karɓa, ƙarin ruwa nawa ya sa, kuma kada takarda ta fita sai adadin ya cika. Abin da ya fi duka nauyi shi ne tsani. Tun da akwai sassan koyon likitanci a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram, ya dace a rubuta a fili shekara nawa majo zai yi a karkara kafin ya sami damar ƙaro karatu, da gurbi nawa aka ware wa irinsa kowace shekara, a kuma liƙa wannan takarda a bangon kowace makarantar lafiya tun ranar da sababbin ɗalibai za su shiga aji.