Nasiha a kan rubuta ayyukan yini

Ya ku malamai da almajirai, ku sani wani aibi ya yawaita a cikinmu. Mutum ya ɗauki alkawari goma da ka, rana ta faɗi bai cika ko biyu ba: bashi na nan, ba a gaida majinyaci ba, ba a wanke allo ba. Sai ya ce mantuwa ce, alhali alƙalami da tawada na gefensa.

Shawararmu, bayan lisha mutum ya rubuta ayyukan gobe, kada su wuce huɗu. Kowane aiki da lokacinsa, domin taura biyu ba ta taunuwa: hadda bayan asuba, sana'a da hantsi, zumunci bayan la'asar. Wanda ya gama ya soke shi.

Wani zai ce gobe ta Allah ce. Haka ne, amma manomi bai fasa ajiye iri ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara 505 ta Hijira, ya tsara yinin ɗalibi daga farkawa har kwanciya cikin Bidayatul Hidaya. Ka rubuta, ka ce in Allah ya so. Alkawari kaya ne. Wassalam.