A Auna Jini Kafin A Sa Rana

Manomin auduga a Funtua ko Malumfashi ba ya zuba iri a gona sai ya san asalinsa. To, me ya sa ake ɗaura aure ba a san irin jinin ango da amarya ba?

A cikin ɓargo ake ƙera jini. Can akwai wasu ƙwayoyi iyaye, daga gare su ake samun jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska, da farare, wato sojojin da ke yaƙi da cuta. Dukansu da littafin gado ɗaya suke tasowa, rabinsa daga uwa, rabi daga uba. Abin da ke raba su shi ne shafin da aka buɗe. Wadda za ta zama soja sai a buɗe mata waɗansu shafuka, a rufe waɗansu.

Ciwon amosanin jini, wato sikila, kuskuren harafi ɗaya ne a littafin nan. Jaririn da ya gaji kuskuren daga uwa da uba yakan yi kamar wata shida lafiya lau, domin shafin jinin da ya yi amfani da shi a ciki bai gama rufewa ba. Da ya rufe sai jajayen ƙwayoyi su riƙa lanƙwashewa kamar lauje, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Suna kuma lalata saifa, wadda ke taya sojojin jiki aiki, shi ya sa zazzaɓi da ciwon huhu ke saurin ka da yaron.

Magani kuwa akwai, amma ina kuɗin? A 2011 aka fara dashen ɓargo ga mai sikila a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. A 2023 Ingila ta amince da wani magani mai sake buɗe wancan shafin da ya rufe, amma a Amurka kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Buhun masara nawa ke nan?

Awon jini fa ɗan jini kaɗan ake ɗiba. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Mai AS lafiyarsa ƙalau, in ya auri mai AA ba za su haifi SS ba. Jihar Kano ma ta wajabta awon kafin aure a 2024.

Wani zai ce lafiya ta Allah ce. Gaskiya ne, amma Shi ne kuma ya ba mu hankali. Ina roƙon iyayenmu su sa a yi awon tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, domin fasawa bayan an sa rana da wuya take. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.