Motar Haibirid a Ƙasar Masara da Ƙura

Sharhinmu na yau zai leƙa gidan mai ne, daga nan ya zarce gareji.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafin duk mai mota ya birkice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 600 a watan Yuli, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta tsallake naira 1,000 a gidajen mai da dama. Farashin ya ɗan sassauto daga baya, da man matatar Dangote ya yawaita a kasuwa, amma ko kusa bai koma inda ya taso ba. A Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur, magidanta da yawa sun lulluɓe motocinsu da tamfol a ƙofar gida, sun koma kan baburan Boxer da Jincheng, motar ba ta fita sai ranar ɗaurin aure ko kai mai haihuwa asibiti.

A irin wannan hali ne hankalin wasu ya fara komawa kan motocin nan ruwa biyu da ake kira haibirid, irin su Toyota Prius da Camry Hybrid da Highlander Hybrid. Sabuwarsu ta fi ƙarfin aljihun ma'aikaci, don haka maganar ta tsofaffi ce, 'yan Kwatano, waɗanda suka gama zamaninsu a Amurka ko Turai kafin su iso nan. Dillali zai dafa bayan ɗaya ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙamshin mai kawai take ji." Akwai gaskiya a maganarsa, sai dai bai faɗe ta duka ba.

Motar ba sabon abu ba ce a duniya. Kamfanin Toyota ya fito da Prius a Japan a ƙarshen 1997, ya shigar da ita kasuwannin waje a 2000. Waɗanda suka fi zuwa hannun mai ƙaramin ƙarfi su ne ƙirar 2004 zuwa 2009, da wadda ta biyo ta, ta 2010 zuwa 2015. A cikinta akwai injin fetur da kuma injin lantarki, suna jan motar tare kamar shanun huɗa biyu a garma ɗaya, sai dai a nan ɗaya yakan huta ya bar wa ɗan'uwansa. Idan aka tsaya, injin fetur ya mutu da kansa. Idan aka taka birki, ƙarfin da ke salwanta a sauran motoci ya koma wuta ya shiga batir. Ba a jona ta da wutar gida, ita ke cajin kanta, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce a garin da wuta ke zuwa leƙe ta koma.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna ƙirar farko da muka ambata a kan kusan kilomita 20 a lita ɗaya, ta biyun kuma 21. Corolla ta wancan zamani tana tsakanin 12 da 13. Wannan awon sabuwar mota ne a ɗakin gwaji. Bari a rage, a yi lissafin ƙauye. Malamin da ke zaune a Malumfashi yana aiki a Funtuwa, zuwa da dawowa yana cin abin da ya kusa kilomita 100. A ce tsohuwar motarsa na shan lita 9, haibirid mai lafiya kuma lita 6. Lita uku ke nan a rana, lita 60 a kwanakin aiki ashirin. In lita naira 900 ce, ya tsira da naira 54,000 a wata. Wanda ke jiran albashi ya san nauyin wannan kuɗi.

To amma duk wannan lissafi a kan lafiyar abu ɗaya ya rataya, wato babban batirin da ke kwance a bayan kujerar baya. A Prius ta waɗannan shekaru, ɓangarori 28 ne aka jera aka haɗa, suna ba da wutar da ta ɗan haura bolt 200. A Amurka kamfanin ya ba shi garantin shekara takwas ko kilomita 160,000, wasu jihohi kamar Kalifoniya shekara goma. Motar 2008 da ke tsaye a wurin dillali yau ta ninka waɗancan shekaru takwas. Da yawa daga batiran nan sun zarce garantinsu nesa ba kusa ba, amma babu wanda ba ya tsufa. In ya fara gajiya ba ya mutuwa farat ɗaya. Sai a ga alamar caji a allon gaba tana cika nan da nan, tana zubewa nan da nan, injin fetur ya daina hutawa, motar ta yi nauyi a hawa, mai ya fara tafiya kamar na kowace mota. Ƙarshenta jar alama mai kusurwa uku ta kama a gaban direba. A ranar, ribar man shekara guda tana iya tafiya a gyara ɗaya, musamman da yake kayan da dala ake shigo da su, ita kuwa naira kowa ya ga yadda ta faɗi tun tsakiyar 2023.

Babban abokin gabar wannan batir zafi ne, na biyu ƙura, kuma kudancin Katsina na da su duka biyu a wadace. A watannin Maris da Afrilu zafi na kusantar digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe aka ajiye a rana tsakar kasuwar Ɗandume daga hantsi zuwa la'asar. Shi batirin ba da ruwa ake sanyaya shi ba. Wata 'yar fanka ce ke zuƙo iskar cikin motar ta wata ƙaramar kafa mai raga da ke gefen kujerar baya, ta hura masa. Wanda bai san aikinta ba zai ɗauka ado ce. Nan fasinja ke jingina kafaɗa, nan ake cusa darduma ko babbar riga, kuma mai ɗinka rigar kujera yakan rufe ta ruf don aikinsa ya yi kyau. In aka kwance fankar motar da ta yi hunturu biyu tana bin hanyar burji gilashi a sauke, abin da za a tarar ya isa bayani: jar ƙasa ta daskare a fukafukanta, ga ƙaiƙayi, ga zaren auduga, wani lokaci har da gashin kajin da aka kai kasuwa. Fanka na juyawa, iska ba ta wucewa, batir na dahuwa a hankali. Wanke ta aikin da bai fi awa ɗaya ko biyu ba ne, kuma ya kamata a yi shi duk ƙarshen hunturu.

A nan ne dabarar da kowa ya saba da ita take juyewa. Direbanmu in yana son tsimin mai, abu na farko da yake kashewa shi ne na'urar sanyaya mota. A haibirid kuwa, iskar da fasinja ke shaƙa ita batir ke sha. Wanda ya kashe sanyi da tsakar ranar bazara ya sauke gilashi, ya tsimi 'yan cokulan fetur, amma ya aika wa batirinsa zafi da ƙura a lokaci guda. Gara a kunna sanyin daidai wa daida, a kuma nemi gindin darbejiya a ajiye motar.

Sai batun gareji, wanda ya fi komai bukatar a faɗi gaskiya. Makanikanmu gwanaye ne. Mutanen da suka riƙe Fijo J5 da Golf da Sharon a kan hanyar Gusau da ta Yashe shekara da shekaru, da kayan aikin da ba su wuce sifana da guduma ba, ba a raina musu. Sai dai wasu al'adun da suka yi wa waɗancan motoci amfani, ko aƙalla ba su kashe su ba, guba ne ga haibirid. Mota ta sauka daga Kwatano, abin farko a cire mata tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a kuma ɗaure fankar lagireto ta riƙa juyawa babu tsayawa. Ita kuwa ƙwaƙwalwar haibirid ba ta yarda injin fetur ya riƙa mutuwa yadda ya kamata sai ruwansa ya kai wani mizani na zafi. In an hana shi ɗumama, sai ya yi ta aiki, mai motar na mamakin inda tsimin ya tafi. Haka baƙin mai. Littafin ƙirar 2004 zuwa 2009 ya ce 5W-30, ta bayanta 0W-20, mai ruwa-ruwa, amma sai a ɗura mata mai kauri irin na tsohuwar Fijo. Akwai kuma abin nan na cikin salansa da ake kira indomi. Na Prius yana da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa, har ɓarayi a Ingila da Amurka sun mai da motar abin farauta. A nan gida ma wani lokaci tun kafin motar ta iso hannun mai saye an fasa an kwashe. Mai saye ya sunkuya ya duba ko akwai sabon walda a wurin.

Idan batirin ya gaza, akwai masu canza ɓangare ɗaya ko biyu da suka mutu, su bar sauran. Ya fi araha, kuma yakan tashi motar. Amma in ba a auna an daidaita ƙarfinsu da na sauran ba, bayan 'yan watanni wani ɓangaren zai faɗi, a sake komawa. Wayoyin babban batirin masu ruwan lemo kuwa ba na yaron gareji ba ne, wutar da ke cikinsu tana iya kisa. Kayan gyara galibi sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, har Ladipo a Legas, motar na zaune ana jira.

Wasu abubuwan ƙanana ne, amma rashin saninsu na jawo asara. Ba a tura haibirid ta tashi kamar sauran motoci. In ta ƙi nuna READY a allon gaba, wato ta ƙi tashi da safe, sau da yawa ƙaramin batirin nan mai bolt 12 da ke cikin but ne ya yi sanyi, ba babban ba, kada a bari wani ya tsorata mai ita ya karɓe masa kuɗin gona. Ba a ɗaura mata igiya a ja ta tayoyin gaba na gurzar ƙasa. Ba a barin mai ya ƙare mata ƙarƙaf, kuma ba a jibge ta wata da watanni ba a tayar ba. Man 'yan bumburutu na gefen hanya, wanda ba a san da me aka gauraya shi ba, a bar shi sai dole.

Tuƙin kansa ba ya bukatar dogon karatu. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta daɗe tana faɗa cewa da zarar gudu ya wuce kilomita 80 a awa, shan mai na ƙaruwa da sauri. Mai taka 130 a hanyar Zariya ya manta da maganar tsimi. A ɗaga ƙafa daga totur tun daga nesa idan an hango shingen jami'an tsaro ko tudun rage gudu, a taka birki a hankali don batir ya samu rabonsa. Iskar taya kuma a bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya ji da ɗan yatsa ba.

Wa ya kamata ya saya? A cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi, nan haibirid ta fi nuna kanta. A doguwar hanya tazarar da ke tsakaninta da ƙaramar mota mai lafiya tana raguwa, ko da yake ba ta ɓacewa. Ma'aikacin asibiti, malamin makaranta, ɗan kasuwar da ke zirga-zirga a kan kwalta tsakanin Funtuwa da Zariya ko Malumfashi da Kano ta Gwarzo, waɗannan za su ci moriyarta. Manomin da ke son abin da zai shiga gona da damina ya fito da kaka, ya nemi wata. Prius gajeriya ce, cikinta kusa da ƙasa yake, kuma duk nauyin da aka yarda ta ɗauka, mutane da kaya, bai kai kilo 400 ba. Manya huɗu da buhun masara ɗaya sun cika ta. Ruwan da ya tsaya a kwari bayan mamakon Agusta kuwa, wanda Golf ke kutsawa ta fita tana tari, ba wurin shigar motar da ke ɗauke da wuta mai bolt 200 ba ne.

Motocin nan za su ci gaba da shigowa, domin ƙasashen da suka saye su sababbi suna ta sauke su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da zai gyara su a kusa. Ƙungiyar makanikai ta NATA, da Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Funtuwa, da cibiyoyin koyar da sana'a na jihar, suna da damar tura matasa su koyi aikin batir da na'urar gwajin kwamfuta, maimakon kuɗin yankin ya riƙa tafiya Kano da Kaduna.

Mai niyyar saye kuma, kada ya biya ko kwabo sai an jona wa motar na'urar gwaji a gabansa, an nuna masa ƙarfin kowane sashe na batirin, an tuƙa ta har ta yi zafi ya ji injin ya mutu da kansa a tsaye. Ya kuma ware kuɗin batir a gefe tun ranar ciniki. Dillalin da ya ƙi yarda a gwada, a bar masa motarsa.